Wanda Ya Rage a Ramin Azurfa

Dutsen farko ya faɗo kan rufin gidan Katsube ne wata ranar Talata cikin kaka, daidai lokacin da lasifikar gari ta gama kaɗa kiɗan ƙarfe biyar na yamma. Noboru Katsube yana zaune a bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi. Matarsa Sumie tana kicin tana gasa kifi, 'yarsu Mifuyu kuma ta shiga wanka. Ƙarar ta zo sau ɗaya, ƙwas, sannan abin ya gangaro a hankali bisa jan tayil ɗin rufin, ya ɗan tsaya a bakin indararo, ya faɗo a gaban Noboru.

Ya ɗauka ya jujjuya. Baƙin dutse ne, nauyinsa ya fi girmansa, jiƙe sharkaf, da sanyi kamar yanzu aka ciro shi daga rijiya. Kwana tara ke nan ba a yi ruwa a garin Omori ba.

"Birai ne," in ji Sumie daga kicin. "Sun sake saukowa satar 'ya'yan itace."

Noboru ya sake juya dutsen a hannunsa. Ya san irin dutsen nan, kuma ya san ba a tsintarsa a sarari. Sai can cikin ƙasa.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana shiga da baƙi tsohon ramin azurfa da ke bayan gari. An daina haƙa tun kafin a haifi mahaifinsa, abin da ya rage sai ramuka da kaburbura da masu zuwa kallo. Noboru yakan raba wa baƙi huluna masu fitila, ya shige gaba da sandarsa, yana nuna musu sawun kurfi, ƙarfen sassaƙa dutse, a jikin bango. Yakan ba su labarin yadda a zamanin da mahaƙa suke rarrafe cikin ƙananan ramuka da fitilar kwanson kodi, yadda ƙura take cinye musu ƙirji, har ta kai wanda duk ya cika shekara talatin sai a dafa masa jar shinkafa da babban kifi, a yi masa bikin tsufa. Baƙi sukan yi tsit a nan. Shi kuwa Noboru ba ya son a fita da fuska a murtuke, don haka ya ƙirƙiro wani wasa. In an kai ƙuryar ramin sai ya sa kowa ya kashe fitila, ya ƙwanƙwasa bango da sanda sau uku, ya ɗaga murya cikin duhu: "Akwai wanda ya rage a ciki?" A yi shiru. Sai wani ya ƙyalƙyale da dariyar tsoro, kowa ya kama, a kunna fitilu a fito ana raha.

Ran Talatar nan Mifuyu ce ta ja tawagar, karonta na farko. Shekararta ashirin da uku, ta dawo daga Hiroshima bayan aikin kanti ya gundure ta, ubanta yana koya mata sana'arsa. Baƙin ranar tsofaffin mata ne cike da mota daga Osaka, masu surutu da son barkwanci. Da aka kai ƙurya Mifuyu ta karɓi sanda, ta ƙwanƙwasa, ta yi tambayar yadda ta ji ana yi, sannan ta ƙara nata: "In akwai, ya fito mu tafi gida, an kusa zuba abinci!" Matan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Noboru ya fi kowa dariya.

Yanzu kuwa yana nan zaune a bakin ƙofa da dutsen a hannu sai na biyu ya faɗo. Sai na uku. Daga nan shiru, irin shirun da ko kare ba ya haushi a cikinsa.

Mifuyu ta fito daga wanka tana rawar ɗari. Ta ce ruwan ya huce mata farat ɗaya, kuma ɗakin yana warin man fitila. Da aka zauna cin abinci ta cinye kwano uku na shinkafa ba ta ɗaga kai ba, ita da ake lallashi kafin ta gama ɗaya.

"Ke lafiya?" in ji uwar. "Sai ka ce an sako ki daga kurkuku."

Mifuyu ta dube ta kamar ba ta gane wadda ke magana ba. Sannan ta yi tari, busasshe, daga can ƙasan ƙirji.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Da rana gidan lafiya lau, Mifuyu ta tashi da gajiya amma da hankalinta, har ta yi wa ubanta tsiya kan yadda yake minshari. Da zarar inuwar dutse ta rufe layin garin, lasifika ta kaɗa ƙarfe biyar, sai duwatsu uku su sauko. Ran Alhamis Noboru ya hau tudun bayan gida ya laɓe cikin gora, idonsa a kan rufin. Bai ga hannu ba, bai ga biri ba, bai ga dutse yana tafiya a iska ba. Ƙarar kawai ya ji. Da ya sauko ya tarar da Sumie tsaye a tsakiyar falo, hannu a baki. Duwatsun uku suna kan tabarma, cikin ɗaki, ruwa yana tsiyaya daga jikinsu, rufi kuwa ko tsaga babu.

Daga ranar abin ya koma kan yarinyar. Kiɗan biyar yana ƙarewa sai ta zube ƙasa a hankali, ta kwanta rub da ciki, ta kama rarrafe da gwiwar hannu cikin siririn lungun da ya haɗa ɗakuna, kanta a sunkuye kamar mai tsoron buga rufi. In ta kai ƙarshen lungun sai ta kwanta gefe ɗaya tana ƙwaƙular bango da farce. In an kunna lantarki ta yi ƙara ta rufe ido. Abin da take tofarwa baƙi ne ƙirin. Sai duhu ya gama sauka, wajen ƙarfe bakwai, jikinta ya saki, barci ya kwashe ta, da safe ba ta tuna komai sai dai ta ga faratanta a farfashe ta tambayi abin da ya same su. Sun kai ta asibiti a garin Oda. An ɗauki hoton ƙirji, an gwada jini, likita ya ce bai ga komai ba, ta samu hutu.

A kwana na shida Sumie ta durƙusa a bakin lungun da kwanon ruwa tana kiran sunanta. Mifuyu ta daina ƙwaƙular bango. Ta juyo da kai sannu a hankali, ta buɗe baki, sai ga muryar namiji, shaƙaƙƙiya, kamar ana jan tsakuwa a kan tsakuwa.

"Ina abincin? An ce an kusa zubawa."

Kwanon ya suɓuce daga hannun Sumie. Noboru, da ke tsaye a bayanta, ya ja da baya. Ya dafa bango ya zauna. Nan take ya gaya wa matarsa abin da aka faɗa a ƙuryar rami ran Talata, bai rage ko kalma ba.

Sumie ba ta yi kuka ba. Muryarta ma ba ta ɗaga ba. "Baban Mifuyu, sau nawa na ce ka bar wasan nan? Kakana a ramin nan ya bar ƙirjinsa. Kai ka mai da shi abin ba mutanen Osaka dariya. Gobe da sassafe ka hau wurin Malam Jakuen. In ka tsaya jin kunya, ni zan hau."

Jakuen tsohon malamin ibada ne, ya haura tamanin, shi kaɗai yake zaune a ɗakin bauta da ke kan tudu tsakiyar kaburburan mahaƙa. Ya yi karatu mai zurfi a ƙuruciyarsa, kuma mutanen kwarin sun san in abu ya fi ƙarfin likita wurinsa ake zuwa, ko da yake ba mai faɗi da ƙarfi. Noboru ya same shi yana sharar ganye. Ya durƙusa ya miƙa masa dutse ɗaya naɗe cikin ƙyalle, ya gaya masa halin da 'yarsa take ciki. Tsohon ya sunsuna, ya mayar.

"Kai ne mai ƙwanƙwasa wa mutane ƙofa ka gudu," ya ce. "Na daɗe ina jin labarinka."

"Malam, wasa ne kawai."

"To ga shi an biye maka. Kwana nawa?"

"Yau bakwai."

"Ba ni kwana biyu in yi azumi. Kada ku ɗaure ta, kada ku doke ta. In abin da ke jikinta ya yi magana kada wanda ya amsa masa. Ka ji ko? Kai musamman, da bakinka ba ya rufuwa."

Ran kwana na tara ya iso da ƙarfe huɗu da rabi, yana dogara sanda, da carbi mai manyan 'ya'ya a wuya, da ƙaramar ƙararrawa, da gishiri a takarda. Ya zaga ɗakin ya ja layin gishiri ya haɗa kusurwa huɗu, ya sa aka rufe tagogi, aka kunna kyandir ɗaya. Ya zaunar da Mifuyu a tsakiya. Tana ta kallon iyayenta.

"Mama, me za a yi mini? Baba, me ya sa kuke kallona haka?"

Hasken da ke ratsa takardar da aka lulluɓe ƙofa da ita ya yi ja, ya yi toka-toka. Can nesa lasifika ta fara kiɗanta, ta kai ƙarshe, ta yi shiru. Duwatsu uku suka faɗo ɗaya bayan ɗaya, cikin zagayen gishirin.

Mifuyu ta kife. Jakuen ya kaɗa ƙararrawa ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba hawa ba sauka. Ta yi rarrafe zuwa ƙofa, ta kai layin gishiri ta ja da baya kamar ta taɓa wuta. Ta gwada gabas, ta gwada yamma. Ɗakin ya yi sanyi har numfashi yana fita da hayaƙi, warin man fitila ya cika ko'ina. Noboru yana jin haƙoran matarsa suna haɗuwa. An daɗe a haka kafin yarinyar ta tsaya cik, ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman maza.

"Ya isa, tsoho. Kana cika mini kunne."

Jakuen ya ajiye ƙararrawa. "Wane ne kai?"

"Ba ni da suna. Masu suna su ne ke kwance a bayan ɗakinka."

"Ashe ba mamaci ba ne."

"Ina cikin dutsen nan tun ba a huda shi ba. Da suka huda suka shigo mini da ɗumi. Su ɗebi farin ƙarfe, ni in kurɓi numfashinsu kaɗan-kaɗan. Ban taɓa bin kowa gida ba. Sai suka daina zuwa. Na daɗe ina jin sanyi." Idon yarinyar ya juya kan Noboru, ba ya ƙiftawa. "Wannan kullum sai ya buga mini bango ya tambaya, kafin in motsa ya tafi yana dariya. Ita kuwa ta ce in zo gida. Na zo."

"Ba ta san da kai ba. Maganar yara ce."

"Ni na ji ta."

"Me kake so ka tafi?"

"Ba inda za ni. Ƙirjinta sabo ne. Ina nan har ta cika talatin, kamar yadda nake yi da kowa."

Sumie ta saki wata ƙara ta yunƙura, Noboru ya riƙe ta. Jakuen ya cire carbinsa ya murza shi tsakanin tafukansa, ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, yana watsa ruwan gishiri. Jikin Mifuyu ya sandare, bayanta ya lanƙwashe, tari ya sarƙe ta har fuskarta ta yi shuɗi. Jini ya ɓalle daga hancinta. Cikin tarin muryar tana dariya.

"Ci gaba. Ni dutse ne. Ita ce nama."

Tsohon ya dakatar da karatun. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa duk da sanyin ɗakin. Ya ce da iyayen, ba tare da ya waiwayo ba, "Zan iya fizge shi da ƙarfi. Amma ban ce ƙirjinta zai tsira ba." Sannan ya sassauta murya ya fuskanci yarinyar. "A kai maka jar shinkafa da kifi bakin rami duk shekara."

"Ba na cin shinkafa. Don ita na ci."

"A kunna maka fitila ba dare ba rana, ka ji ɗumi."

"Wuta ba ta numfashi."

Noboru yana kallon jinin da ke gangarowa kan leɓen 'yarsa. Ya tuna ranar da ta fara tafiya, a kan tabarmar nan, ta faɗo masa a cinya. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Ni na ƙwanƙwasa. Shekara ashirin da biyu ni ne. Sha numfashina ka ƙyale ta."

"Rufe mini baki!" Jakuen ya daka masa tsawa. Amma maganar ta riga ta fita. Kan yarinyar ya karkata, tana auna shi daga sama har ƙasa.

"Tsohon ƙirji. Ya sha taba. Amma yana da faɗi."

Jakuen ya lumshe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe, muryarsa ta koma ta mai ciniki a kasuwar kifi. "Ba zama za ka yi a cikinsa ba. Kurɓa ɗaya, a wurin da aka kira ka, ka koma inda ka fito."

"Bakwai. Shekarun da suka rage mata."

"Ɗaya."

"Sau uku yake buga mini bango."

Tsohon ya dubi Noboru. Noboru ya gyaɗa kai.

"Uku," in ji Jakuen. "Bayan haka ba kai ba gidan nan, ba kai ba ita, ba kai ba abin da za ta haifa. Mu kuma ba mai sake buga maka bango. Faɗi da bakinka."

"Na yarda. Ya ɗauke ni. Ban san hanya ba, a bayanta na zo."

Mifuyu ta buɗe baki ta saki wani dogon numfashi, ya fi ƙarfin abin da ƙirjin mutum zai ɗauka. Harshen kyandir ya kwanta ya nufi Noboru. Yarinyar ta sulale jikin uwarta. A daidai lokacin Noboru ya ji wani abu ya hau bayansa, jiƙaƙƙe, mai sanyi, mai nauyin buhun tsakuwa, har sai da goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Tashi," in ji Jakuen. "Tun da sauran haske. Kada ka waiwaya, kada ka yi magana."

Suka bi hanyar da Noboru ya bi sau dubbai, gefen rafi, ƙarƙashin dogayen itatuwa. Tafiyar rabin awa ce, ran nan kamar ba za ta ƙare ba. Yana tafe a duƙe, tsohon yana biye da shi yana kaɗa ƙararrawa. Wata maƙwabciya da ke kwashe shanya ta gan su, ta saki kwandon ta shige gida. A bakin rami Jakuen ya tsaya. Noboru ya buɗe ƙofar ƙarfen da ke rufe ramin da mabuɗinsa, ya shiga shi kaɗai, ba fitila, yana lalube da tafin hannu. Ƙafafunsa sun san kowane lungu. Ruwa yana ɗiga. Ƙarar ƙararrawa tana raguwa a bayansa har ta ɓace.

A ƙurya ya durƙusa. Nauyin ya sauka daga bayansa, ya zagayo gabansa. Bai ga komai ba, amma ya ji sanyi dab da leɓensa. Kurɓa ta farko ta zuƙe iskar da ke bakinsa da maƙogwaronsa. Ta biyu ta shiga can ciki, ya ji haƙarƙarinsa suna matsewa kamar ana taka kwando. A ta uku ya ga taurari, ya faɗi gefe ɗaya, yana buɗe baki kamar kifin da aka jefa kan tudu. Ya ɗauka shi ke nan. Can sai iska ta dawo, siririya, tana fito. Ya ji wani abu yana jan jiki yana nisa, yana nutsawa cikin dutsen, har ɗigar ruwa kaɗai ta rage.

Da rarrafe ya fito. Ya tarar da Jakuen zaune a kan dutse, bai daina kaɗa ƙararrawar ba.

Mifuyu ta farka da safe ta nemi shayi, ta ci rabin kwano ta ture. Ba ta tuna komai ba sai cewa ta yi mafarkin sanyi. Yammar ranar su ukun suna zaune lasifika ta yi kiɗanta, Sumie ta damƙe hannun mijinta, suka jira. Ba abin da ya faɗo. Bayan mako biyu suka mai da yarinyar Hiroshima wurin ƙanwar uwarta, suka ce mata ciwon gajiya ne ya kama ta, iskar kwarin ba ta karɓe ta ba. Noboru ya mayar da mabuɗi da hula, ya ce gwiwa ta hana shi. Ya roƙi matasan da suka gaje shi abu ɗaya, kada su taɓa ƙwanƙwasa bangon ramin, kuma da suka ga fuskarsa ba su tambayi dalili ba.

Tarin Noboru ya fara ne da saukar ƙanƙarar farko. Kafin ƙarshen sanyi ba ya iya hawa matakalar gidansa sai ya huta sau biyu. Sumie ta kai shi babban asibiti a Izumo. Likitan matashi ne, ya daɗe yana kallon hoton ƙirjin a jikin allo, sannan ya juyo.

"Baba, shekara nawa ka yi kana haƙar ma'adinai?"

"Ban taɓa riƙe kurfi ba, likita. Surutu kawai nake yi a ciki."

Likitan ya sake duban hoton, ya dubi Sumie. Ita kuwa tana kallon hannuwanta.

Ran Lahadi Mifuyu ta bugo waya kamar yadda ta saba. Ta sami aiki a gidan burodi, akwai kuma wani saurayi mai kawo fulawa da take son su gani in bazara ta zo. Noboru ya riƙe wayar da hannu biyu yana saurara. Tarin ya taso masa, ya danne shi, ya cije leɓe, idonsa ya cika da ruwa.

"Baba, kana ji na kuwa? Ka yi shiru. Kai da ba a raba ka da magana."

"Ina jin ki," ya ce a hankali. "Ci gaba. Yaron nan, yana da kirki?"

Ta yi dariya ta ci gaba da ba shi labari, muryarta garau, ba ko ƙura a cikinta. Ya riƙe har ta yi sallama, har ya ji layin ya katse. Sannan ya miƙa wa Sumie wayar, ya dafa bango, ya saki tarin.